Tausayi kaɗai ba ya isa a aikin kula da yara

'Yar'uwa, kin tambaya ko tausayi ya wadatar ki kama aikin taimaka wa yaran da ke gararamba da iyayensu. Gaskiya bai isa ba. Ki nemi difloma a fannin walwalar jama'a, Kaduna Polytechnic na koyar da shi. Ki kuma karanta Dokar Haƙƙin Yara ta 2003.

Sai dai ainihin koyon yana wajen bin gogaggiyar ma'aikaciya gida-gida. Can za ki ga yadda ake sauraron yaro ba a gaban wanda ya zalunce shi ba, da yadda ake riƙe sirrin gida. Sirrin nan ya fi damuna, domin in magana ta fita unguwa, uwar ba za ta ƙara buɗe miki ƙofa ba.