Tambayi Injiniya: Na gwada su da hannuna, me ya sa ake dawo mini da su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan shago a Kano inda ni da yarana muke haɗa ƙananan inbata na sola, irin masu ɗaukar fitilu da fanka da talabijin. Babu wadda take fita sai na jona ta da hannuna na ga ta kawo wuta. Duk da haka, cikin goma sai a dawo mini da biyu ko uku kafin shekara ta zagayo, wasu ma ko mako biyu ba sa yi. Na sallami yaro guda a kan haka, amma ba abin da ya sauya. Har an fara yi mini gorin cewa kayan gida ba su da ƙarko. Ina matsalar take? Daga mai haɗa inbata, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah Ya yi wa sana'a albarka. Kafin komai, in kana da halin neman yaron nan da ka sallama, ka neme shi. Zan zo kan dalili.

Gwajin da kake yi a kan tebur tambaya ɗaya yake amsawa: shin na'urar nan tana aiki yau, a inuwar shagonka, na minti biyar? Wannan shi ne matakin farko na inganci, wato kaya sun fita yadda aka tsara su. Mai saye kuwa da kuɗinsa wata tambayar yake yi: shekara nawa za ta yi tana aiki a ɗakina mai rufin kwano, a tsakiyar bazara, ga ƙurar hunturu ta taru a cikinta? Wannan shi ne ƙarko, kuma injiniya ba ya rufe maganarsa da "ai mai kyau ce". Sai ya faɗi wane aiki za ta yi, na tsawon wane lokaci, a wane yanayi, kuma cikin ɗari guda nawa ne za su kai labari.

Idan aka zana yawan lalacewar kaya a kan takarda daga ranar da aka sayar da su, zanen yakan fito da siffar bahon wanka: tudu a farko, shimfiɗa a tsakiya, sannan tudu a ƙarshe. Tudun farko su ne masu mutuwa cikin makonnin farko, kuma kusan kullum aibin haɗawa ne: dalmar da ba ta kama ba, kusar da ba a ɗaure ba, ko wani sashe da ya zo da lahani tun daga kwali. Shimfiɗar tsakiya lalacewar tsautsayi ce, kamar tsawa ko wani ya juya kan batir. Tudun ƙarshe tsufa ne. Daga wasiƙarka na fahimci ciwo biyu ne ke damunka, kai kuma kana ɗaukarsu ɗaya. Masu dawowa cikin mako biyu suna tudun farko. Masu dawowa a wata na takwas ko na goma kuwa tsufa ne ya riske su da wuri, kuma ina kyautata zaton zafi ne ya jawo.

Na farkon maganinsa yana da sauƙi. Ware lungu guda a shagon, ka kafa kanta, duk inbatar da aka gama a jona mata cikakken nauyin da aka rubuta a jikinta, a rufe murfinta kamar yadda za ta zauna a gidan mai saye, a bar ta tana aiki kwana biyu, ana kashewa ana kunnawa lokaci zuwa lokaci. Wadda za ta mutu da wuri ta mutu a gabanka. Manyan masana'antun lantarki haka suke yi, har da ɗakunan da ake ƙara musu zafi da gangan. Kai ba sai ka gina irin wannan ɗakin ba, ranar Kano ta isar maka.

Na biyun ne nake so ka natsu a kai. Ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda aka dawo da su bayan watanni, ka buɗe, ka dubi kafasita, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allo. Lafiyayya kanta a shafe yake. Wadda ta gaji za ka ga kanta ya kumbura, wani lokaci har da ɓurɓushi mai ruwan ƙasa ya bushe a gindinta. Akwai ruwan sinadari a cikinta, zafi kuma busar da shi yake yi a hankali. Juya ta ka karanta jikinta, za ka ga an rubuta 85°C ko 105°C. Ƙa'idar da masu ƙera ta suke bayarwa ita ce, duk lokacin da zafin da take ciki ya ragu da digiri 10, rayuwarta tana ninkawa biyu, in ya ƙaru da 10 kuma ta ragu da rabi. To mu yi lissafi. A ce duka biyun an ba su awa 2,000 a kan zafin da aka rubuta musu, cikin akwatinka kuma ya kai digiri 65, abin da ba wuya ba ne a wurin da iskar waje kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Mai 85 za ta yi awa 8,000. Mai 105 za ta yi awa 32,000. Shekara guda awa 8,760 ce. Ka ga ta farkon, in ba a hutar da ita, ba za ta ga zagayowar shekara ba, ta biyun kuma za ta haura shekara uku da rabi. Ratar kuɗin da ke tsakaninsu ba ta kai kuɗin motar da mai saye yake kashewa ya dawo maka da kaya ba. Araha dai ba ta ado.

Haka batun ƙarfin wuta. Batir mai bolt 12 yakan haura 14 lokacin caji, saboda haka kafasita mai bolt 16 tana bakin gaɓa ne kullum. Sa mai 25. Kada ka bar kowane sashe yana aiki a iyakar ƙarfinsa. Ka kuma duba ko yaranka suna shafa farin man nan tsakanin transista da ƙarfen da ke janye mata zafi, da kuma ko ramukan shan iska suna sama da ƙasa yadda iska mai zafi za ta samu hanyar fita.

Akwai wani lissafin da nake so kowane mai haɗa kaya ya haddace. Ana danganta shi da Bajamushen injiniya Robert Lusser, wanda ya yi aikin makamin V-1 a Yaƙin Duniya na Biyu. Idan na'ura tana buƙatar dukkan sassanta su yi aiki kafin ta yi aiki, to amincinta shi ne amincin sassan an ninka su da juna. A ce inbatarka tana da sassa 40, kowanne cikin ɗari 99 suna kai shekara. Da jin haka sai mutum ya ce madalla. Amma ninka 0.99 da kanta sau 40, za ka samu kusan 0.67, wato cikin inbata uku ɗaya za ta dawo. In ka samu sassan da cikin dubu 999 suke kai shekara, lissafin zai haura zuwa 0.96. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga an cika na'ura da 'yan fitilun ado da maɓallai barkatai. Kowane ƙari wata ƙofar lalacewa ce.

Sai dalma. Ɗauki gilashin ƙara girma ka dubi ƙafafun manyan sassa, musamman taransifoma da inda wayar batir take shiga. Dalma mai kyau tana kwanciya sumul ta rungume ƙafar. In ka ga wani siririn zobe ya kewaye ƙafar kamar an ja shi da allura, tsagewa ce. Da rana ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, da dare ya huce ya tsuke, yau da gobe sai ya gaji. Gajiyar ƙarfe ta taɓa kayar da jirage. Comet na Ingila, jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya, ya fara jigila a 1952. A 1954 biyu suka tarwatse a sama, ɗaya a watan Janairu kusa da tsibirin Elba, ɗaya a Afrilu kusa da Naples, duk a Italiya. Masu bincike a Farnborough ta Ingila suka sa gangar jirgi guda cikin wata ƙatuwar ma'ajiyar ruwa, suna matsa mata suna saki, suna maimaita abin da tashi da sauka ke yi mata, har ta tsage daga kusurwar wata kafa a jikinta. Jiragen nan duk sun ci gwajin ranar farko.

Yanzu ga abin da na fi so ka yi, kuma kuɗinsa littafi ne da biro. Ba kowace inbata lamba, ka rubuta a cikin murfinta. A littafin ka sa lambar, da ranar haɗawa, da wanda ya haɗa, da wurin wanda ka sayo sassan, da ranar sayarwa. In ta dawo, kada a gyara a miƙa kawai. A rubuta ranar, da sashen da ya mutu, da inda aka ajiye ta a gidan, da abin da aka jona mata. Sashen da aka cire a jefa shi cikin leda da lambarsa. Bayan 'yan watanni ka zazzage ledojin a kan tabarma ka kasa su kashi-kashi. Joseph Juran, ɗaya daga cikin manyan malaman wannan fanni, ya daɗe yana koyar da cewa 'yan dalilai ƙalilan ne ke haifar da mafi yawan aibu, kuma za ka gani da idonka: kashi ɗaya ko biyu za su fi sauran tudu nesa ba kusa ba. Da su za ka fara.

Littafin nan ne kuma zai yi wa yaranka adalci. Tun 1924 Walter Shewhart, a kamfanin tarho na Bell a Amurka, ya nuna yadda ake bambanta ɗan saɓanin da tsarin aiki kansa yake haifarwa da wanda wani dalili na musamman ya kawo. W. Edwards Deming ya kai wannan ilimi Japan a 1950, ya kuma dage wa shugabannin kamfanoni cewa mafi yawan aibu daga tsari yake, tsari kuma a hannun mai gida yake. Yaronka bai zaɓi kafasita mai 85 ba, bai zana akwatin da ba ya shan iska ba, ba shi ya sayo dalmar ba. Kai da bakinka ka ce bayan tafiyarsa ba abin da ya sauya, wannan kuwa shaida ce a gare shi. In littafi ya nuna aikin hannun wani ya fi dawowa, zaunar da shi ka ga yadda yake riƙe ƙarfen dalma, wataƙila nasa ƙarfen ne ba ya yin zafi sosai. Yaron da yake tsoron kora ɓoye kuskure yake yi, kuskuren da aka ɓoye kuma gidan mai saye yake tafiya.

Idan abubuwa suka daidaita, ka je ofishin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ka nemi bayanin shirinsu na MANCAP, wanda ake tantance kayan da aka ƙera a cikin gida da shi. Garanti kuma kada ka yanke shi da ka. Bari littafinka ya cika shekara, ka ga watan da kayanka suke fara gajiya, sannan ka rubuta wa'adin da za ka iya tsayawa a kansa.