Aikin dare ga nas: abin da za ki samu da abin da zai ci miki

Ƙanwata, kin ce an ba ki zaɓi a wurin aiki, ko ki tsaya a aikin rana ko ki shiga cikin masu kwana, kuma kina son jin alfanun da illar kafin ki amsa. Kada ki amsa sai kin ga jadawalin da idonki. Darare nawa ne a jere? Awa nawa ne kowane dare? Ku nawa ne a ɗaki, gadaje nawa, kuma likitan da ke kan kira yana cikin asibitin ne ko sai an nemo shi? Dare uku a jere da hutun kwana biyu bayansa aiki ne da jiki zai iya ɗauka shekaru. Dare bakwai a jere, ke kaɗai a kan gadaje talatin, wani abu ne daban, ko da sunansu ɗaya a takarda.

Alfanun a fili yake. Yawancin wurare suna biyan alawus na dare. Babu cunkoson masu dubiya, babu zagayen likitoci, babu kai mara lafiya hoto ko ɗakin tiyata sai na gaggawa. Kina da rana a hannunki don karatu ko wata hidima. Amma babbar ribar, a ganina, ita ce ƙwarewa. Da rana idan kanula, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya, ta ƙi shiga sai ki waiga ki kira wata. Da dare ke ce wadda ake kira. Nas ɗin da ta yi wata shida tana kwana ta fi saurin gane mara lafiyar da jikinsa ya fara sauyawa, domin babu wanda zai gani kafin ta. Kuma da dare ne mara lafiya ke buɗe baki. Wanda ya yi shiru gaban likita da safe, ƙarfe ɗaya na dare zai gaya miki ya daina shan maganinsa tun makonni biyu da suka wuce, ko kuma tsoron tiyatar gobe ne ya hana shi barci.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Jiki yana da agogonsa, kuma haske ne ke saita shi. Da duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin melatonin mai kiran barci, zafin jiki na sauka a hankali har ya kai ƙasa wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar na asuba. Tsakanin uku da biyar ɗin nan ne hankali ya fi rauni, komai ƙwazonki. Za ki karanta layi ɗaya a fayil sau uku bai shiga ba. Ido na iya rufewa na daƙiƙa biyu ko uku ba ki sani ba. Ba lalaci ba ne, halitta ce, don haka tsara aikin ake yi a kewaye ta, ba a yin jayayya da ita.

Tsarin kuwa tun daga karɓar aiki yake farawa. Kada ki karɓa a kan tebur kawai. Ku bi gado gado da wadda za ta tashi, ki ga fuskar kowa, ki duba wurin kanula ko ya kumbura, ki ga yawan ruwan da ya rage a leda, ki tambayi wa ya fi damun ta a yau. Sannan ki duba kayan gaggawa, tulun oksijin da ma'auninsa, na'urar zuƙe majina, da tocila mai aiki. Abin da babu, ki nemo shi kafin ƙarfe goma, lokacin da ma'ajiya da kantin magani ke da mutane. Ƙarfe uku ba lokacin gano cewa tulun oksijin fanko ne ba.

Duk lissafin da za ki iya yi da wuri, ki yi shi da wuri, ki rubuta. Misali, an rubuta ruwa lita ɗaya, wato mil 1000, ya shiga cikin awa 8, kuma robar ƙarin ruwan da ke hannunki mai ɗigo 20 ce a kowane mil. 1000 sau 20, a raba da minti 480, ya ba ki ɗigo 42 a minti. Da ƙarfe tara na dare wannan wasa ne. Da ƙarfe huɗu, nan ne ake raba da 8 a maimakon 480, ko a manta an canja roba. Magunguna masu haɗari kamar insulin, heparin mai hana jini daskarewa da potassium, ku duba ku biyu, kowa ya karanta da kansa, ba wai ɗaya ta karanta ɗaya ta gyaɗa kai ba. Idan aka rubuta insulin da harafin U, wato unit, a gaban lamba, ki tsaya ki tabbatar, domin 10U da hannu mai sauri yana komawa 100 a idon da ya gaji.

Wani tarkon dare shi ne kowa kwance yake, don haka mai barci da wanda ya fara suma kamanninsu ɗaya daga bakin ƙofa. Ki matsa kusa da tocila, ki haska ƙirji ba fuska ba, ki ƙirga numfashi na cikakken minti. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Wanda ya haura 25 yana gaya miki wani abu tun kafin awon jini ya faɗi. Mai ciwon sukari da aka yi wa insulin da yamma bai ci abincin kirki ba, idan kika same shi cikin gumi, jiki sanyi, yana magana ba kan gado, ki auna sukarin nan take. Ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ba abin jira ba ne. Tsofaffi kan rikice da dare, su cire kanula, su sauko neman banɗaki a duhu su faɗi. Ki kai su kafin su kwanta, ki sauke gadon ƙasa, ki matso da masu haɗarin kusa da teburinki. Kuma don Allah kada kunyar tada likita ta hana ki kira. Ki shirya maganarki kawai: wane ne, me ya kawo shi, me kika auna yanzu da awa biyu baya, me kike so a yi. Ki rubuta lokacin da kika kira.

Sai barci, wanda shi ne ke yanke hukuncin ko za ki jure aikin. Barcin rana ya fi na dare gajarta da rashin nauyi. Da yawa ba sa wuce awa biyar ko shida, bashin kuma taruwa yake dare bayan dare. Kafin daren farko ki kwanta da la'asar na kamar minti 90. Idan an yarda da hutu a cikin dare, minti 20 zuwa 30 ya isa, ki bar wata a tsaye, kuma idan kin tashi ki ba kanki kamar kwata kafin ki taɓa magani, saboda kai yana nan da nauyi. Kofi ko shayi mai ƙarfi a farkon dare ake sha. Rabin kafeyin, sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, yana nan a jini bayan kamar awa biyar, don haka kofin ƙarfe biyar na asuba shi ne zai hana ki barcin ƙarfe tara. Babban abinci kafin ki fita, cikin dare abu mai sauƙi da ruwa, domin jiki ba ya sarrafa sukari da maiƙo da kyau a wannan lokacin. Daga nan ƙwannafi da ƙiba ke shigowa. Da safe ki sa baƙin gilashi a hanya, ki isa gida ki kwanta ba tare da tsayawa wanki ko waya ba. Ɗaki mai duhu sosai, mai sanyi, waya a kashe, kuma mutanen gida su san wannan barcin daidai yake da nasu na tsakar dare. Ƙwayar barci irin su diazepam ba mafita ba ce, ki nisance ta. Idan kina tuƙi kuma kin ji ido na lumshewa, ki tsaya ki ɗan runtsa. Buɗe gilashin mota da ƙure rediyo ba sa hana komai.

Game da lafiya ta dogon lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Shekaru masu yawa na aikin dare suna da alaƙa da ƙarin haɗarin ciwon sukari, ciwon zuciya da damuwa. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin da ke rikita agogon jiki a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo sankara a 2007, ta sake tabbatar da hakan kan aikin dare a 2019. Wannan ba yana nufin duk mai kwana zai kamu ba, amma dalili ne na kada ki mai da shi aikin rayuwa gaba ɗaya, kuma ki riƙa auna hawan jini, sukari da nauyinki. Mai farfaɗiya, mai ciwon sukari da ke kan insulin, mai juna biyu, ko mai fama da ciwon damuwa, ta fara magana da likitanta tukuna, saboda rashin barci na tayar da waɗannan.

Idan kina da ta cewa a jadawalin, ki nemi darare biyu zuwa huɗu a jere, juyawar ta tafi gaba daga safe zuwa yamma zuwa dare, da aƙalla awa 11 tsakanin tashi da komawa. Ranar da kika sauka daga daren ƙarshe, ki yi barcin awa uku ko huɗu kawai, ki tashi kafin azahar ta wuce, ki fita cikin haske, sannan ki kwanta da dare tare da kowa. Idan kika bar kanki har magariba, ƙarfe biyu na dare zai same ki ido biyu, kuma rabin hutun ya tafi.