Tagar da ke kallon tsakar gidan maƙwabci

Tambaya: Malam, ina gyaran gidana, na haɗa tagogi uku masu siffar da'ira da hannuna, na katako da gilashi. Wani ya ce sun yi kama da na coci. Biyu suna falo, ta ukun tana saman bene, tana fuskantar tsakar gidan maƙwabcina. Mene ne hukuncinsu?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi wa hannunka albarka. Siffar da'ira ba ta da laifi, ba alamar wani addini ba ce. Abin da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, nan maganar take.

Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa ba a buɗe taga kusa da za ta tona asirin maƙwabci. A Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, an kawo hukuncin Sayyidina Umar: a ajiye gado a gindin tagar, mutum ya hau ya tsaya. In ya hango cikin gidan, a hana. In bai hango ba, a bar ta. Yi wannan gwajin kafin siminti ya bushe.

Na san za a ce maka Shafi'iyya sun ba mai bango ikon buɗe taga a cikin mulkinsa, maƙwabci in ya damu ya ɗaga katangarsa. Ban gamsu da wannan ba. Yaya wanda aka cuta shi zai sayi bulo? Kuma wace katanga ce za ta kare mutum daga saman bene? Hadisin hana cuta da cutarwa bai ware abin da ke cikin mulkinka ba, shi ya sa malaman Hanafiyya na baya suka koma ga hana cuta bayyananna. Kada kuma ka ce kai ba mai leƙe ba ne. Gida ya fi mai shi daɗewa. Gobe samarin gidanka ne a wurin, jibi ɗan haya. Matar da ke wanki a tsakar gidanta ba ta ganin zuciyarka, inuwa take gani a taga.

Ka ɗaga ta sama da ido, ko ka sa mata gilashin da ba a gani ta cikinsa, ka kafe ta ba ta buɗuwa.

Sannan fasa da'ira a bangon da ke ɗauke da bene ba wasa ba ne. Nemi magini ya ɗaure samanta, don rayukan iyalinka amana ne. Ka je da ƙafarka ka nuna wa maƙwabcin inda tagar za ta zauna, tun kafin ya ji ƙarar guduma.

Allah ne mafi sani.