An ce sai tiyata: me zan duba kafin in sa hannu?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 41, ina da 'ya'ya biyu. Na daɗe ina fama da zubar jini mai yawa lokacin al'ada, har jiri nake ji. Hoto ya nuna ƙari a mahaifata, aka ce sai an yi mini aiki. An miƙo mini takarda in sa hannu, amma gabana sai faɗuwa yake yi. Me ya kamata in lura da shi kafin in amince?

Amsa: Sannu, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Tsoron nan ba laifi ba ne, kuma gara da kika tsaya tambaya kafin ki ɗauki biro. Takardar nan shaida ce cewa an yi miki bayani kin fahimta. Idan ba ki fahimta ba, ki ajiye ta tukuna, ki nemi a sake yi miki bayani, ko sau uku ne.

Tambayar farko da za ki yi wa likitanki ita ce: idan ba a yi aikin ba, me zai faru? Irin ƙarin da kika bayyana yawanci ba ciwon daji ba ne, kuma yakan ragu bayan mace ta daina al'ada. Shi ya sa wasu matan magani kawai ake ba su don rage jinin, ana bibiya da hoto. Wasu kuma ƙarin ya yi girma har yana danne mafitsara, ko jinin jikinsu ya yi ƙasa sosai, to a nan aiki ya fi. Ban duba ki ba, don haka ba zan yanke miki hukunci ba. Amma ki nemi a faɗa miki dalilin da ya sa aka zaɓi wuƙa a kan magani. Neman ra'ayin wani likita na biyu ba raini ba ne. Likitan kirki ba ya fushi da shi. Wannan dai ya shafi aikin da za a iya jinkirtawa. Idan cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, ko hanji ya toshe, ba a jiran shawarar gobe.

Sai abin da na fi so ki ba shi lokaci: wane aiki ne takamaimai aka rubuta? Cire ƙarin kaɗai daban, cire mahaifar gaba ɗaya daban. Na farko yana barin damar haihuwa, amma ƙarin na iya dawowa. Na biyu yana kawo ƙarshen matsalar, yana kuma kawo ƙarshen ɗaukar ciki. Sau da yawa akwai layi a takardar da ke cewa idan jini ya ƙi tsayawa ana cikin aiki, za a cire mahaifar don ceton rai. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma na ga matar da ta farka ta ji labarin abin da aka yi, ta ce ita ba ta taɓa jin wannan maganar ba, alhali ga sa hannunta a ƙasan layin. Ki tambaya kuma game da ƙwayayen haihuwa, wato gaɓoɓi biyu da ke gefen mahaifa masu samar da ƙwan mace: za a bar su ko za a cire? Cire su yana jefa mace cikin daina al'ada nan take.

Ki ce a lissafa miki haɗarin da sunayensu: zubar jini har a buƙaci ƙarin jini, ƙwayoyin cuta a wurin yanka, rauni a mafitsara ko hanji, daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Tunda kina jin jiri, a auna jininki yanzu. Idan ya yi ƙasa, gara a gyara shi da maganin ƙarin jini kafin ranar aiki.

Ke ma akwai abin da ke wuyanki: kada ki ɓoye komai. Hawan jini, ciwon suga, asma, wani magani da ya taɓa tayar miki da ƙaiƙayi ko kumburi, ko wani a dangi da allurar barci ta taɓa wahalar da shi. Ki zuba duk magungunan da kike sha a jaka ki kai, har da na gargajiya. Aspirin da warfarin suna tsinka jini, wasu ƙwayoyin tsarin iyali kuma suna ƙara haɗarin daskarewarsa. Kada dai ki dakatar da kowanne da kanki, likita ne zai faɗa miki rana. Mai shan taba kuwa, daina ta aƙalla makonni 4 kafin aiki yana rage matsalar huhu, yana kuma taimaka wa rauni ya warke.

Ki nemi ganin likitan allurar barci, ya bayyana miki ko barci za a sa ki gaba ɗaya ko allurar baya ce da ke kashe rabin jiki. Shi zai faɗa miki lokacin daina ci, yawanci awa 6 ga abinci, awa 2 ga ruwa zalla, don kada abin da ke ciki ya koma huhu.

Ki kuma tambayi yadda bayan aiki zai kasance. Idan yanka ciki za a yi, ki ƙiyasta kusan makonni 6 ba ɗaukar kaya mai nauyi. Aikin da ake yi ta ƙananan huji da kyamara ya fi saurin warkewa, sai dai ba kowane ƙari ya dace da shi ba. Ki shirya wanda zai kula da yara tun yanzu.

Ranar ganin likita, ki rubuta tambayoyinki a takarda, ki tafi da wanda kika yarda da shi ya taya ki saurare. Ko kin riga kin sa hannu, kina da ikon cewa kin fasa kafin a fara aikin.