Fatawa: Na ce "ba zan ce komai ba", aure ya tsaya. Ina da laifi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina da shagon atamfa da shadda a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Akwai wani yaro ɗan kabu-kabu da yake ɗauko mana kaya daga tasha. Tun ranar da na fara ganinsa bai kwanta mini a rai ba: kullum idonsa ja, gaisuwarsa a tsaye, kuma yana kallon babba cikin ido. Mun taɓa 'yar hayaniya sau ɗaya, na ba shi dala sittin, ya ce dala ɗari ce ladarsa, har ya ɗaga mini murya a gaban maƙwabta, amma wannan ya wuce. Kwanan baya aminina da muke sahu ɗaya a masallaci ya zo mini shawara, ashe yaron ne yake neman 'yarsa. Ban zage shi ba. Na dai girgiza kai na ce, "Alhaji, ni ba zan ce komai ba, amma ka yi hattara." Yanzu maganar auren ta tsaya. Wani ɗalibi ya ce mini ba ni da laifi, wai firasar mumini ce, wato gane halin mutum da hasken zuciya, kuma nasiha a kan aure ba giba ba ce. Amma raina ya ƙi natsuwa. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ba ka ɓoye zancen dala sittin ba. Mutane da yawa idan za su yi tambaya sai su share gefen da bai yi musu daɗi ba, su karɓi fatawar da ba tasu ba. Kai ka faɗe shi, ko da yake ka lulluɓe shi da "ya wuce".

Haramcin mummunan zato ga Musulmi ba ya bukatar dogon bayani, aya ta 12 a Suratul Hujurat da hadisin kashedi a kan zato da ke cikin Muwaɗɗa, littafin Imam Malik, sun ishe mu. Abin da ya ɗarsu a ranka ranar farko ba a kama ka da shi, matuƙar bai fito a baki ko a aiki ba. Halaccin faɗin aibin mai neman aure ga wanda ya nemi shawara shi ma babu saɓani a kansa. A nan ɗalibin ya yi gaskiya.

Inda ya kuskure shi ne bai dubi abin da ka faɗa ba. Lokacin da Faɗimatu bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi (SAW) a kan masu nemanta biyu, ce mata ya yi Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Abu ne mai suna, wanda za ta iya aunawa, ta bincika, ta ce zan iya zama da shi ko ba zan iya ba. Kai fa me ka miƙa wa amininka? Buhu ka ba shi babu komai ciki, ka bar shi ya cika da hannunsa. Duk Bahaushe ya san nauyin "ni ba zan ce komai ba" idan an haɗa ta da girgiza kai. Ma'anarta: na san abin da ya fi ƙarfin faɗa. Uban yarinya zai tafi gida yana lissafi, ko tramol yake sha, ko ɓarawo ne, ko mai bin mata ne. Da ma cewa ka yi "idonsa ja ne kuma ba ya durƙusawa", da mutumin ya yi murmushi ya ci gaba da bincikensa. Ka nuna kana da sanin da ba ka da shi, wannan kuwa ya tsallake giba ya shiga ƙage. Kada kuma ka jingina da cewa ba ka furta zagi ba. Uwar muminai A'isha (RA) gajartar Safiyya kawai ta nuna, aka ce mata ta faɗi kalmar da in an gauraya ta da ruwan teku za ta gurɓata shi.

To sai "ya wuce". Alhaji, abin da ya wuce ba a riƙe lissafinsa daki-daki, nawa aka bayar, nawa aka nema, su wa ke tsaye. Ban ce ƙarya kake ba, na yarda kana jin ya wuce. Amma an yi maka abin da ka ɗauka cin fuska ne a gaban abokan kasuwa, irin wannan kuwa yakan kwanta a ƙasan zuciya kamar laka a gindin randa, sai an motsa a gan shi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar (RA) ya ce ba a karɓar shaidar abokin husuma ko wanda ake tuhuma. Da a gaban alƙali ne, da wannan hayaniyar kaɗai ta sa an duba shaidarka da kyau kafin a saurare ta. Mafi ƙarancin amana shi ne ka gaya wa amininka, "mun taɓa saɓani da shi, ka auna maganata da wannan." Ba ka faɗa ba.

Yanzu ga zancen firasa, wanda ya zama mafakar mutane da yawa a garin nan. Za ka ji dattijo yana cewa shi kallo ɗaya yake yi wa mutum ya san ko wane ne. Hujjarsu hadisin "ku ji tsoron firasar mumini, domin yana gani da hasken Allah." Tirmizi ya ruwaito shi daga Abu Sa'id, shi da kansa ya ce garibi ne, wato ta hanya ɗaya ya zo, kuma a cikin masu ruwayarsa akwai Aɗiyya al-Aufi wanda malaman hadisi suka raunana. Akwai waɗanda suka ƙarfafa shi da tara hanyoyinsa, ba zan ɓoye wannan ba. Mu ɗauka ma ya inganta. Hadisin ya ce akwai firasa, mu ma ba mu musa ba. Bai ce duk abin da ya faɗo a ran mai sallah firasa ne ba, bai kuma ce a gina hukunci a kan mutane da ita ba.

Wa ya kai Annabi (SAW) hasken zuciya? Amma ga hadisin Ummu Salama a Muwaɗɗa, yana gaya wa masu kawo ƙara cewa shi mutum ne, yana hukunci ne da abin da ya ji. An sanar da shi sunayen munafukai, ya ci gaba da mu'amala da su bisa zahirinsu. Usama bin Zaid ya karanta zuciyar wani a fagen yaƙi, ya kashe shi, ya ce tsoron takobi ya sa ya yi kalmar shahada. Ga ido, karatun Usama yana da ƙarfi, ya fi naka nesa ba kusa ba. Amsar da ya samu daga Annabi (SAW) ita ce: ka tsaga zuciyarsa ne?

Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a nan. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, da ya zo kan aya ta 75 a Suratul Hijr, wadda masu wannan ra'ayi suke kafa hujja da ita, ya bayyana cewa ba a rataya hukunci a kan firasa, har ya ba da labarin wani babban alƙali a Bagadaza da yake hukunci da ita, aka rubuta masa raddi. Ibn Farhun, mai Tabsiratul Hukkam, ya sa hukunci da firasa a sahu ɗaya da hukunci da zato da kintace. Mashhurin mazhaba ma shi ne alƙali ba ya yanke hukunci da abin da shi kansa ya sani, balle abin da ya ji a jikinsa.

Za a ce ai Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa a wannan babi. Haka ne. Amma dubi irin misalan da ake kawowa: rigar Annabi Yusuf (AS) da ta yage ta baya, da matar da ta ce wa Annabi Sulaiman (AS) kada a raba jaririn, a bar wa abokiyar husumarta. Waɗannan alamu ne da za a ajiye a gaban kowa, mai hankali ya gani ya ce lalle haka ne. Ita kuwa firasar da ba ta da shaida sai "raina ya ba ni", wa zai tantance mana ita daga wasiwasin Shaiɗan, ko daga tsohon haushi? Malaman tarbiyya da suka yi magana a kanta sun ɗaure ta da cin halal da runtse ido da kame rai daga son zuciya. Wanda yake da ƙullin dala arba'in da mutum ba shi ne zai gan shi da hasken Allah ba.

Kuma ku 'yan kasuwa ku ne ya kamata ku fi kowa shakkar wannan ido. Ka buɗe littafin bashinka. Waɗanda suka ci kuɗinka suka ɓace, da jan ido suka zo maka, ko da farar shadda da carbi da gaisuwa mai tsawo? Mutum yana tuna sau biyun da zatonsa ya dace, ya manta sau ashirin da ya zargi bawan Allah a banza, saboda wanda aka zarga a zuci ba ya dawowa ya ce ka yi kuskure.

Mu duba alamun naka. Wanda ya wuni a kan moto tun asuba, tsakanin tasha da Zango da Birni, cikin ƙurar hunturu da hayaƙi, ba tabarau, in idonsa bai yi ja ba ai da mamaki. Kallon ido kuwa, mu an tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai, amma yaron da ya zauna a lakwal, wato makarantar boko, an yi ta daka masa tsawa ya dubi malami idan ana yi masa magana. Garin nan tun zamanin ayari mahaɗa ce, Hausawa da Barebari da Buzaye da Fulani da Tubawa, kowa da yadda yake nuna ladabi. Buzu yakan ja rawani ya rufe baki a gaban wanda yake jin nauyi, wanda bai sani ba sai ya ce girman kai ne. Durƙusawa al'ada ce mai kyau a wurinmu, amma abin da shari'a ta ɗora wa ƙarami shi ne sallama da girmamawa. Ni kaina na taɓa riƙe wani ɗalibi a rai wata da watanni, ina yi masa magana yana wucewa, sai daga baya na gane kunnensa na hagu ba ya ji, ni kuma kullum ta hagunsa nake zama.

Ɗaga murya ga babba aibi ne, ban wanke shi ba. Sai dai wani ya taɓa zuwa karɓar bashi wurin Annabi (SAW) ya kausasa harshe, sahabbai suka yunƙura, ya ce su ƙyale shi, mai haƙƙi yana da magana. Wannan ya kawo abin da ba ka tambaya ba. Idan ba ku yanke lada ba kafin ya ɗauki kayan, abin da yake kanka shi ne ladar da aka saba biya a irin wannan kaya da wannan nisa. Tambayi maƙwabtanka na shago. In dala ɗari ce, yana bin ka dala arba'in har yau, kuma ranar shi ne mai gaskiya. Daga yanzu ka riƙa yanke lada kafin a ɗaura kaya.

Hukunci dai: ka yi laifi, tuba ta wajaba, kuma istigfari kaɗai bai isa ba tunda ɓarnar tana nan tsaye. Ka koma wurin amininka, kai da shi, ba ta saƙon murya a WhatsApp ba, wanda gobe za a tura wa wani. Ka ce masa a fili: "Ban san yaron nan da sata ko shaye-shaye ko wani mugun hali ba. Mun taɓa saɓani a kan kuɗin kaya, ya ɗaga mini murya, abin da na sani ke nan." Da nauyi, na sani, dattijo ya janye maganarsa. Amma ka tuna akwai yarinya a cikin gidan nan da ba ta san dalilin da ya sa aka yi shiru da zancenta ba.

Kada kuma nadama ta tura ka ɗaya gefen, ka je kana rantsuwa cewa mutumin kirki ne. Wannan ma ba ka sani ba. An ruwaito cewa wani ya yabi mutum a gaban Umar (RA), sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko sun yi cinikin dinari da dirhami. Da ya ce a'a, sai Umar ya ce to ba ka san shi ba. Ka nuna wa amininka waɗanda suka cika wannan sharaɗi: limamin unguwarsu, maƙwabtan gidansu, abokan aikinsa, da mai moto in ba tasa ba ce, domin wanda ake kai wa kuɗi kowace yamma ya fi kowa sanin amanar yaro. Bincike haƙƙin uba ne, ba ya cikin zaton da aka hana, kamar yadda rubuta bashi da kafa shaidu ba zargi ba ne. In bincike ya fito da aibi na gaske, ya hana 'yarsa da hujja, kai kuma ka fita.

Shi yaron, idan maganarka ta riga ta kai kunnensa, ka nemi yafiyarsa. Idan ba ta kai ba, ba sai ka je ka zayyana masa ba, kada gyara ya haifi gaba. Ka yi masa addu'a, ka gyara sunansa a inda ka ɓata shi, ka kira shi ya ɗauko maka kaya kamar da, ka cika masa kuɗinsa. Ɗalibin da ya ba ka fatawa kuma ka gaya masa da taushi ya riƙa tambayar "me ka ce daidai?" kafin ya wanke mutum.

Kada ka jira Juma'a. Tunda sahunku ɗaya, ka riƙe hannunsa yau bayan Magariba.

Wallahu a'alam.