Hukuncin Sauraren Labaran Fatalwa da Tsafi da Ake Karantawa a Waya

Tambaya: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a nan Samaru. Shekara biyu ke nan da na saba sauraren tsofaffin labaran Turawa na ban tsoro, waɗanda wasu masu daɗin murya suke karantawa a YouTube: labaran fatalwa, da gidajen da aka ce ba a kwana cikinsu, da matsafa, da masu shan jini. Don in gyara Turancina na fara, amma yanzu gaskiya daɗinsu nake ji, har ba na iya barci sai na saƙala abin ji a kunne. Na san ƙirƙira ce, ban gaskata ko ɗaya ba. To, abokin zamana a ɗaki ya ce abin da nake yi ɗaya ne da zuwa wurin boka, kuma ba za a karɓi sallata ta kwana arba'in ba. Hankalina ya tashi. Idan na je gida hutu kuma, ƙannena sukan zauna mu ji irinsu na Hausa tare. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, ka kyauta da ka tambaya. Tun a shafukan farko na Ahalari aka karantar da mu cewa bai halatta ga baligi ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, kuma ya tambayi malamai.

Bari in fara sauke maka nauyin da ke ƙirjinka: sallarka tana nan. Hadisin da abokinka yake nufi ingantacce ne, Muslim ya ruwaito shi, cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. Amma dubi lafazin da kyau. Akwai zuwa, akwai tambaya, akwai kuma wanda yake da'awar sanin gaibu. Kai ba ka je wa kowa ba, ba ka tambayi kowa abin da zai same ka gobe ba, kuma mai karanta maka labarin bai ce ya san ɓoyayyen abu ba. Littafi ne a gabansa yana karantawa. Abokinka ya ɗauko hadisi sahihi ya ajiye shi inda ba muhallinsa ba. Duk da haka kada ka raina tsoron da ya ji maka, domin a kusa da wannan ƙofar akwai wata ƙofa wadda hadisin ya hau kanta daidai, kuma zan zo kanta.

Abu na farko da ake tambaya shi ne ko ƙagaggen labari ƙarya ne. Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin Abu Dawuda da Tirmizi, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi alkawarin azaba ga mai ba da labari yana ƙarya don ya ba mutane dariya. Suna kuma kawo aya ta 6 a Suratu Luƙman kan mai sayen zancen shagala don ya ɓatar daga hanyar Allah, wadda wasu malaman tafsiri suka ce ta sauka kan Nadru ɗan Harisu, mai tara Ƙuraishawa yana ba su labaran jaruman Farisa don kada su saurari Alƙur'ani. Wannan ra'ayi yana da masu shi, kuma ba na raina su.

Abin da ya rinjaya a wurina shi ne halasci. Ƙaryar da aka haramta ita ce wadda ake so mai ji ya ɗauka gaskiya ce. Idan mai faɗa da mai ji duk sun san shiri ne, babu wanda aka yaudara. Kakanninmu ma sun gane wannan, shi ya sa ba a rufe tatsuniya sai an ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Ni kaina a zaure na karanta Maƙamatul Hariri a cikin birnin nan, gaban malamin da ko sunan wasa ba a ambata a gabansa. Maƙama hamsin, wato ƙagaggun labarai cikin Larabci, dukkansu a kan wani mai suna Abu Zaidis Saruji. Malam yakan fassara dabarun Abu Zaidu yana murmushi, sannan ya tsaya a kan kalma guda ya shafe rabin sa'a yana warware ta. Ban taɓa jin wani a zauren ya ce muna karatun ƙarya ba. Ibnu Hajaril Haitami, wanda ya rasu a shekara ta 974 bayan Hijira, ya bayyana a Tuhfatul Muhtaj cewa ya halatta a saurari labaran ban al'ajabi, har ma wanda aka tabbatar ba gaskiya ba ne, idan an nufi buga misali da wa'azi da koyar da halaye irin su jarumta, ko a bakin mutane aka sa shi ko a bakin dabbobi. A nan Zariya kuma aka shirya gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, aljanu a ciki birjik, kuma 'ya'yan malamai suka yi ta karanta shi a makaranta.

Akwai wani hadisi da wasu ke saurin kawowa a nan, na mutumin da ake kira Khurafa, wanda aka ce aljanu sun ɗauke shi ya dawo yana ba da labarin abin da ya gani. Isnadinsa mai rauni ne, don haka ban gina komai a kansa ba.

Ambaton sihiri ko aljani shi kaɗai ba ya haramta labari. Alƙur'ani ya ba mu labarin matsafan Fir'auna da igiyoyinsu da sandunansu, ya ba mu labarin ifritun da ya ce zai kawo wa Annabi Sulaimanu gadon sarauniyar Saba. Abin lura shi ne bai koya wa kowa yadda ake yin sihirin ba. A nan iyakar take. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta haɗa kafircin shaiɗanu da koyar da mutane sihiri, Annabi kuma ya lissafa sihiri cikin abubuwa bakwai masu halakarwa, dab da shirka, kuma ka san tsananin mazhabar Imamu Malik a wannan babi. Saboda haka labarin da ya ce wani matsafi ya yi tsafi ya halaka, wannan labari ne. Wanda kuwa ya jero maka sunayen da ake kira, da zanen da ake yi a ƙasa, da lokacin da ake yi, da abin da ake yankawa, wannan darasi ne aka naɗe da labari, sauraronsa da gangan haramun ne. Kada ka ɗauka zato nake yi. A 1888 an kafa wata ƙungiyar asiri ta masu tsafi a Landan, kuma wasu daga cikin sanannun marubutan labaran ban tsoro na wancan zamani 'yan cikinta ne. Saboda haka a cikin tsofaffin littattafan nan akwai na mai neman abinci da alƙalaminsa, akwai kuma na mai tallar aƙidarsa. Idan ka ji mai karatu ya shiga rera kirarin wani abin bauta ko kiran wani shaiɗani, ka kashe, kada harshenka ya bi shi ko da wasa.

Ga ƙofar da na ce zan zo kanta, kuma ta fi kusa da ku fiye da littattafan Ingila. Ina nufin tashoshin nan namu na Hausa da suke cewa labarin gaskiya ne, wata ta je wurin boka ya yi mata aiki mijinta ya dawo hannunta, wani ya yi kuɗi dare ɗaya, sannan a ƙasan bidiyon ga lambar waya. Wannan tallar bokanci ce tsagwaronta. Wanda ya kira lambar nan ya yi tambaya, hadisin dare arba'in ya hau kansa, ko da bai taka ƙafarsa ko'ina ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya yaƙi yanka ga itatuwa da duwatsu da da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa. Abin nan ne dai ya dawo, sai dai yanzu a cikin aljihu yake.

Sai batun fatalwa, wanda shi ne ginshiƙin mafi yawan labaran da kake ji. Mamaci ba ya dawowa yawo a gidansa. Allah ya faɗa a Suratul Muminuna, aya ta 99 da ta 100, cewa mai mutuwa zai roƙi a mayar da shi, a ce masa a'a, kuma a bayansu akwai shamaki har ranar da za a tashe su. Larabawan jahiliyya sun yi imani cewa ran wanda aka kashe yakan zama tsuntsu kamar mujiya yana kuka a kan kabari sai an ɗaukar masa fansa, Annabi ya rushe wannan a hadisin Bukhari da Muslim. Su Turawan ma, sana'ar kiran matattu da ta cika Amurka da Ingila a ƙarni na 19 ta faro ne a 1848 daga wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a jihar New York, da suka ce mamaci yana amsa musu da ƙwanƙwasa. Bayan shekara 40 ɗayarsu ta tsaya gaban jama'a ta nuna cewa da gaɓar yatsun ƙafarta take yin ƙarar, ko da yake daga baya ta janye maganarta. Aljanu gaskiya ne, mun yi imani da samuwarsu, amma ba su san gaibu ba. Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa, suna ta aikin wahala a gabansa ba su sani ba sai da gara ta cinye sandar. Ka lura kuma da inda labaran nan suke kai mai neman tsari. A shahararren labarin mai shan jinin nan da ya fito a 1897, da gicciye da tafarnuwa ake korar abin tsoron. Mai ilimin tauhidi zai ji wannan ya wuce. Wanda bai yi nisa ba, a hankali sai zuciyarsa ta saba da neman tsari a wajen wani abu da ba Allah ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya fi damuna a wasiƙarka, kuma ba abin da ya dami abokinka ba ne. Ka ce ba ka iya barci sai da abin ji a kunne. Ɗana, wannan lokacin yana da masu shi. Lokacin Ayatul Kursiyyu ne, wadda ya tabbata a Bukhari cewa mai karanta ta in zai kwanta, mai tsaro daga Allah ba zai gushe tare da shi ba, shaiɗan kuma ba zai kusance shi ba har gari ya waye. Lokacin ayoyi biyun ƙarshen Baƙara ne, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi da Annabi yake tofawa a tafukansa ya shafe jikinsa sau uku. Abu Barzata ya ce Annabi yana ƙin barci kafin lisha da hira bayanta. Barci ƙanin mutuwa ne. Ba na so maka a ce abin ƙarshe da ya shiga kunnenka kafin a karɓi ranka na dare muryar wani ce yana siffanta gawa tana tashi daga akwati. Karatu da ido yana da sauƙi, kana iya rufe littafi. Murya kuwa tana ci gaba da zuba a kunne bayan hankali ya tafi, ba mai tacewa.

An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, mahaifinsa yana zaton shafar aljanu ce. Yaron ya daina fita tsakar gida da asuba, in an ɗauke wuta sai ya ƙanƙame mahaifiyarsa, buta tana bakin ƙofa amma ba ya iya miƙa hannu ya ɗauko. Da na zauna da shi, sai na tarar wayar yayansa ce, kullum dare da ita suke kwana. Ba aljani ko ɗaya a jikinsa. Tsoro aka shuka masa har ya hana shi alwala. Allah ya ce a Suratul Jinni wasu mazaje daga mutane sun kasance suna neman tsari da wasu mazaje daga aljanu, sai suka ƙara musu firgici da ɓata. Auna kanka da wannan yaron: idan ka fara jin nauyin fita alwala cikin duhu, ko kana makara sallar asuba, to abin ya haramta a kanka kai musamman, ko da ya halatta ga wani.

Ƙannenka kuwa, ka janye su daga wannan gaba ɗaya. Annabi ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba, Abu Dawuda ya ruwaito. Yaro ba ya raba shiri da gaskiya kamar yadda kake rabawa. Kuma labaran maita na Hausa suna da wata ɓarna da na Turawa ba su da ita a nan: yaron da ya sha jin yadda mayya take kama kurwa, gobe zai kalli tsohuwar unguwarsu mai jan ido, wadda talauci da hayaƙin murhu suka mayar haka, ya nuna ta da yatsa. Mun san inda irin wannan nunin yake kaiwa, kuma mun san bayin Allah nawa aka wulaƙanta a kan zato.

Hukuncinka ke nan. Sauraren ƙagaggen labarin ban tsoro, ga baligin da ya san aƙidarsa kuma ya san shiri ne, halas ne a asalinsa, in babu koyar da tsafi, babu batsa, babu izgili ga addini, kuma bai ci lokacin farilla ba. Idan an cika shi da kiɗa, nemi wanda murya ce zalla. Niyyarka ta gyara harshe niyya ce mai kyau, ka riƙe ta, ka mayar da sauraron zuwa rana, a hanyarka ta zuwa aji ko lokacin wanki. Na lokacin kwanciya kuwa ina ƙinsa gare ka ƙwarai, ka bar shi daga daren yau. Darare na farko barci zai yi maka gardama. Yi alwala, ka kwanta ta gefen dama, ka yi azkar ɗinka, in kuma kunnen ya nace sai ya ji murya, sa masa Suratul Baƙara.

Shi kuma abokin zamanka, ka karanta masa amsar nan cikin girmamawa, ka gode masa da ya damu da sallarka, sannan ku je tare ku duba lafazin hadisin a Sahihu Muslim.

Wallahu a'alam.