Hukuncin shigar mai ciwon daji cikin gwajin sabon magani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyarmu ce ke fama da sankarar mama, yau shekara guda ke nan. An yi mata aiki, an yi mata zagaye huɗu na ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, har filin da Baba ya bar mana muka sayar. Yanzu kuɗi sun ƙare, ciwo kuma ya dawo. Likitanta a asibitin koyarwa ya ce ana binciken wani sabon magani, idan ta shiga ba za mu biya kuɗin magani da na gwaje-gwaje ba. Amma ya ce kuri'a ce za ta zaɓa mata, ko ta faɗa rukunin sabon maganin ko na wanda aka saba bayarwa. Babban yayanmu ya ce faufau ba za a mayar da Hajiya zakaran gwajin dafi ba, ya tuna mana abin da ya sami yaran Kano lokacin sanƙarau. Ita Hajiya ta ce a tambayi malamai. Shin ya halatta? Idan ta rasu a cikin gwajin, akwai alhakinta a kanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya saka muku da alheri a kan wannan ɗawainiya.

Shiga irin wannan bincike ya halatta idan sharuɗɗansa sun cika, bai kai ga wajibi ba, kuma maganar ƙarshe ta Hajiya ce, ba taki ba ce, ba ta yayanki ba ce.

Asalin mas'alar shi ne neman magani. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa Manzon Allah (SAW) ya ce a nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, ban da tsufa. A ruwayar Imam Ahmad daga Ibn Mas'ud akwai ƙarin da ya fi shafar tambayarki: wanda ya san maganin ya san shi, wanda ya jahilce shi ya jahilce shi. Ke nan akwai magungunan da Allah ya saukar waɗanda mutane ba su kai ga saninsu ba tukuna, kuma ba wahayi ne zai zo da sunansu ba. Da bincike da jarrabawa ake gano su. Likitan Musulmi Abubakar Ar-Razi, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ya rubuta yadda ya yi wa wasu marasa lafiya magani ya bar wasu da gangan don ya ga bambanci. Shi kansa ƙarin ruwan da kuka sayar da fili a kansa, a jikin wasu iyaye mata aka fara gwada shi kafin ya iso ga Hajiya. Sankarar jini ta yara da aka fi samu, a farkon shekarun 1960 da ƙyar ɗaya cikin goma yake tsira daga gare ta. Yau a ƙasashen da ke da kayan aiki kusan tara cikin goma ke rayuwa, kuma ta gwaji bayan gwaji aka kai nan.

Sai dai yayanki ba shirme yake faɗa ba, kada ku raina maganarsa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kusan 200 ne, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon wannan yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. A Amurka ma, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata matalauta a Taskigi da ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki, har bayan an sami maganinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma dole ya yi tsalle. Amma abin da aka yi kuka a kansa a waɗannan wurare shi ne ɓoye gaskiya da cin amanar mai rauni, kuma shari'a ta haramta wannan ko a cinikin tumatir, balle a jikin mutum. Idan aka cire waɗannan, hukunci ya koma asalinsa.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta shar'anta cewa binciken likitanci sai da yardar mutum mai cikakken hankali, yardar da babu tilas a cikinta kamar halin fursuna, babu kuma ruɗi da abin duniya kamar halin miskini, sannan kada binciken ya jawo cuta. A kan kalmar miskini zan tsaya, don nan ne gidanku yake.

Wasu sun fahimci wannan da cewa talaka ya nisanci bincike gaba ɗaya. Ban ga haka ba. Abin da aka hana shi ne a yi amfani da yunwar mutum a sa shi ya karɓi haɗarin da ba zai karɓa ba da yana da hali. Ma'aunin da za ku auna da shi mai sauƙi ne: da Hajiya tana da miliyoyi a banki, shin wannan binciken zai zama zaɓi na hankali a gare ta? Ku tambayi likitan kai tsaye, da mahaifiyarsa ce zai sa ta? Idan amsar e ce, to kyautar maganin alheri ce da ta zo a kan gaɓa, kuma karɓar kuɗin mota da na abinci da suke bayarwa halal ne. Idan kuwa bincike ne da mai kuɗi ba zai ko kalle shi ba, sai a ƙofar talaka yake tsayawa, ku yi nesa da shi. Ni a ganina rufe wa talaka wannan ƙofa da sunan kare shi ma zalunci ne. Magungunan daji da yawa an gwada su ne a Turai da Amurka, a jikin mutanen da baƙar fata ba su da yawa a cikinsu, sai a kawo mana su da tsada alhali ba a ga yadda suke aiki a jikinmu sosai ba. Irin sankarar maman nan mai taurin kai, wadda ba ta jin magungunan da ke bi ta sinadaran jikin mace, ta fi yawa a matanmu na Afirka ta Yamma fiye da Turawa. In ba a yi bincike a cikinmu ba, wa zai yi mana? Saboda haka nake ganin samar da bincike mai tsabta kusa da jama'a, da bayaninsa cikin harshen da suke ji, yana cikin farillan kifaya a kan hukuma da likitoci da masu hali. Kuma ya halatta a ba irin Hajiya zakka a hannunta, ta yi kuɗin mota da masauki da ita.

Batun kuri'a kada ya dame ki, ba caca ba ce. Manzon Allah (SAW) yakan yi kuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kamar yadda Nana A'isha ta ba da labari a Bukhari da Muslim, kuma Alƙur'ani ya ambaci jefa alƙaluma a kan wanda zai riƙi Maryam. Ana yin ta ne idan ɓangarori sun yi daidai babu abin rinjayarwa. A nan ma sharaɗin shi ne likitocin da gaske ba su san wanne ya fi ba. Da sun sani, hana wani rukuni mafi alherin ya zama haramun. Haka idan akwai ƙwayar da ba ta ɗauke da magani, ba yaudara ba ce muddin an faɗa tun farko, kuma an ɗora ta ne a kan maganin da aka saba bayarwa, ba a maimakonsa ba.

Kafin a sa hannu, ku koma wurin likitan, ke da Hajiya da yayan naku, ku tafi da takarda da biro. Ku tambayi matakin da binciken yake. Mataki na farko na neman adadin da jiki zai iya ɗauka ne, a kan mutane kaɗan, kuma fatan amfani a cikinsa ya fi ƙanƙanta. Mataki na uku kuwa kwatanta sabon magani ne da tsohon a kan ɗaruruwa ko dubbai, kuma daga bayaninki wannan ya fi kama da shi. Ku nemi ganin amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da izinin hukumar NAFDAC. Ku ji wa zai biya idan maganin ya yi mata illa, ina za a kai jini da naman da za a ɗiba, kuma idan maganin ya karɓe ta, za a ci gaba da ba ta bayan an rufe binciken? Takardar yarda mai shafi goma cikin Turanci, a dangwala wa tsohuwa yatsa a tawada a manna, wannan ba yarda ba ce a shari'a. A karanta mata da Hausa, a ba ta kwanaki ta yi istihara, kuma ta ji da kunnenta cewa duk ranar da ta ga dama za ta fita ba tare da an daina duba ta ba. Wanda ya ƙi amsa waɗannan, ko ya ce a sa hannu yau-yau, ku tashi ku ba shi wuri, domin ƙa'ida ita ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa.

Game da yayanki, shawara yake da ita, ba walicci ba. Hajiya baliga ce mai hankali, ɗa ba ya zama waliyyi a kan jikin mahaifiyarsa. A ciwon ajalinsa, Manzon Allah (SAW) ya yi nuni kada a ɗura masa magani, aka ɗura, da ya farfaɗo bai yarda da abin da aka yi ba. Saboda haka ba a tilasta mata shiga, ba a kuma hana ta. Ku kula da wani tilas ɗin da ba a faɗa da baki: uwa ta ga 'ya'yanta sun sayar da fili, sai ta ce ta yarda don kawai ta sauke musu nauyi. Ki zauna da ita ku biyu, ki gaya mata ko ta ƙi ba za ku gaji da ita ba. Idan ta ƙi, ba ta yi zunubi ba, don maganin da ba a tabbatar da amfaninsa ba bai wajaba a kan kowa ba.

Idan ta shiga bayan wannan bincike naku kuma ajali ya riske ta a ciki, ba ta kashe kanta ba, ku ma babu alhaki a kanku, domin lafiya kuka nema ta hanyar da masana suka ga tana da fata. Lamuni yana hawa kan mai binciken ne idan ya ɓoye haɗarin da ya sani, ko ya yi sakaci, ko ya taɓa abin da ba a ba shi izini ba, kuma a wannan hali neman diyya haƙƙinku ne.

Allah ne mafi sani.